Tanti, labulen gyalena ya ƙi zama, maigida kuma ya ce ana hango mu

Salamu alaikum Tanti, ya aiki ya ɗawainiya da mu, Allah ya saka da alheri. Don Allah ki ɓoye sunana. Ni amarya ce wata biyar da biki, muna gidan haya nan Maradi unguwar Zariya, mu huɗu ne a gidan tsakar gida ɗaya. Falona taga biyu gare shi, ɗaya na kallon tsakar gida ɗaya na kallon titi wajen yamma, kowace faɗinta mita 1 da santimita 20, tsayi ma haka. Lokacin jere Hajiya uwar mijina ta ba ni labule masu kauri ruwan ƙasa su anka saka, ni kuma gaskiya ba su yi min ba, falon ya yi duhu. Sai na ga wani yayi a TikTok na labulen gyale, shara-shara ne dogo ana lanƙaya shi bisa sanda ya yi tumbi a tsakiya ya zubo gefe da gefe. Na kwashi adashena na ba wata mai zuwa Kano na ce ta yanko min huɗu-huɗu, ɗaya ruwan madara ɗaya ruwan gwal, na cire na Hajiya na ninke cikin akwati. Tanti tun ranar ban huta ba. Na rataya ya zame, in na kunna fanka ya faɗo, jelar ma ko rabin taga ba ta wuce ba. Yayar mijina ta zo ta ce wai kamar an shanya gyale an manta, suka yi ta dariya. Maigida ya ce da dare ana hango mu daga waje, Hajiya ta zo ta kalli tagogin ba ta ce komi ba amma tun ranar gaisuwarta ta canza. Mai gidan hayar kuma ya ce kar a ƙara huda mishi bango. In jefar da shi ne ko ƙaƙa zan yi? Kuɗɗina nake ji.

Wa alaikumus salam ɗiyata. Allah ya ba ku zaman lafiya ya kawo zuri'a mai albarka. Kar ki jefar da komi, kuɗɗinki ba su ɓace ba, amma bari in fara da wadda ba za ki so ji ba: maigidanki na da gaskiya. Labulen gyale ado ne, bisa wani labulen ake ɗora shi, shi kaɗai ba ya suturta ɗaki ko da mita goma kinka saya. Ki gwada da kanki yau bayan isha'i, ki kunna ƙwan falo ki fita tsakar gida ki tsaya inda maƙwabta ke alwala ki kalli tagarki. Da rana waje ya fi ɗaki haske shi ya sa shara-shara ke ɓoye ki, ke kina ganin na waje shi ba ya ganinki, amma da an yi magariba an kunna wuta sai abin ya juye, ke ce cikin haske su ne cikin duhu, har abin da ke cikin kwanon tuwonku ana iya ƙirgawa. To naki ma ko tagar bai rufe ba, saman kawai ya kewaye. Gida na mutum huɗu, ga samarin maƙwabta ga almajirai masu shigowa ga masu kai da kawo a titi, ba kishi ba ne ya sa mijinki magana. Ko a addini ai an ce don ido anka wajabta neman izini kafin shiga gidan mutane.

Waɗanda kike gani a TikTok ɗin nan ki ƙara kallon bidiyon da kyau, ki daina kallon gyalen ki kalli bayanshi. Za ki ga ko akwai wani labule a baya, ko wani abin rufewa da ake ja sama da ƙasa, ko kuma gidan bene ne da babu mai leƙowa sai tsuntsu, tagar gilas ce a rufe ruf da na'urar sanyaya ɗaki. Mu nan tagar ƙarfe gare mu mai ganye-ganye, kuma dole a buɗe ta in ana son numfashi, balle in an ɗauke kuran, wato wutar lantarki. Ga tagarki ta yamma. Ki bari watan Afrilu da Mayu su zo, lokacin da zafin Maradi ke haura digiri 40, daga azahar har la'asar sakaliya rana ta nan za ta riƙa shigowa kai tsaye, ƙarfen tagar kanshi ba ya taɓuwa. Labulen Hajiya mai kauri shi ne zai tare miki wannan, shi ne zai hana kujerun da iyayenki sunka sha wahala kafin su saya su koɗe cikin shekara ɗaya. Hajiya ta san garin nan kafin a haife ki.

Don haka ki buɗe akwati ki fiddo su, ki wanke ki goge ki maida. Maganar duhu kuma tana da magani mai sauƙi: yawanci sandar da masu jere ke sakawa daidai faɗin taga take, shi ya sa ko an zuge labule rabin tagar na rufe. In sandar ta wuce taga da santimita 20 ta kowane gefe, wato ta zama mita 1 da 60, da safe kina zuge su sai su koma bisa bango gaba ɗaya, ki ɗaure su da ɗan igiya mai tuntu, haske ya shigo. Ruwan madara da ruwan gwal bisa ruwan ƙasa kuwa ko ni zan zaɓa miki iyakar abin da zan zaɓa kenan, gyalen zai fi fitowa bisa duhun labulen nesa ba kusa ba, yanzu bisa farin bango da hasken taga ɓacewa yake yi shi ya sa ya zama abin dariya.

Yanzu mu zo wajen jelar da ta ƙi tsawo, nan ne nake jin abin ya kwana. Ke kin ce huɗu-huɗu kina nufin mita don da ita kinka saba, ƴar aikenki ta shiga Kantin Kwari ta ce huɗu, su kuwa can da yadi ake yanka. Yadi ɗaya santimita 91 ne da ɗan ɗori, bai kai mita ba, yadi huɗu kenan mita 3 da 66. Ki auna ki gani, in ban yi kuskure ba abin da za ki samu kenan. Kuma ko mita huɗun cif ta kawo miki da bai isa ba, don irin gyalen da ake sayarwa a ɗinke yawanci yadi 6 ne, kusan mita 5 da rabi, daidai tsawon turmin atamfa. Lissafin ba wuya: tsawon sanda, da jela biyu, da abin da tumbin tsakiya zai ci. A tagarki sanda santimita 160, tumbi ki bar mishi kamar 50, in kina son jela ta sauko ta ɗan wuce gindin taga kowace 150 ce, duka mita 5 da 10. In har ƙasa kike so, kuma sandar na bisa kamar mita 2 da 25 daga daɓe, to kin doshi mita 6 da 60. Ke da 366 gare ki, in an cire 160 da 50 saura 156, kowace jela 78, a cire ɗan tazarar da ke tsakanin sanda da saman taga, kin ga ta tsaya tsakiyar taga daidai yadda kinka faɗa. Ba hannunki ne bai iya ba, yadin ne ya gaza.

Ga abin da zan yi in ni ce. In haɗa su biyun bisa taga ɗaya, wadda baƙo ke fara gani in ya shigo. Kowane gyale ya ɗauki rabin sanda: bakin ruwan madara ya faro daga tsakiyar sanda, ya yi tumbinshi zuwa hagu, ya hau ƙarshen sanda ya zubo, ruwan gwal ya faro daga tsakiya shi ma ya yi dama. Rabin sanda 80, tumbi 30, bakin da za ki ɓoye a baya 20, an ci 130, saura miki 236, kin ga jela ta kai ƙasa har da rara. Tumbi biyu kala biyu jela har daɓe, wallahi ya fi wanda kinka gani a waya tsari. Tsakiya inda sunka haɗu ki ɗan gitta su ɗaya bisa ɗaya yadda ba za a ga sanda ba, ko ki tara ɗan bakin ki ɗaure da kyauro ki buɗe shi ya yi fure. Ɗayar tagar ki bar ta da na Hajiya kawai har Allah ya hore, ba wanda ya ce dole a gama ɗaki rana ɗaya. In kuma kin nace kowace taga sai ta samu nata, to kar ki raba jela daidai, ki bar gefe ɗaya gajere kamar 30 ɗayan ya ɗauke sauran, a taga ta biyu ki juya su yadda dogayen jelar za su kasance ta waje, wannan ma yayi ne kuma mai kallo zai san da gangan anka yi. Amma ni dai na farkon na fi so.

Ran da za ki sake aike, kafin ki ba kowa ko dala, ki ɗauki igiyar shanya ki lanƙaya ta bisa sanda yadda kike son gyalen ya zauna, tumbi da jela da komi, ki ja baya ki kalla, in ya yi miki ki ƙulla alama ki sauke ki auna da mitar tela. Ki rubuta ma ƴar aike da mita da yadi duka biyu. Kuma ki fara zagaya babbar kasuwa nan gida tukuna, masu yadi na kawo shara-shara, nan kina taɓawa da hannunki kina ɗaga shi ga haske, a yanka gabanki. Ki kama gefe ki saki ki gani, wanda ya zubo ya kwanta lumui shi ake so, mai tauri da ke tsayawa ƙiƙam ba ya yin tumbi, mai santsi sosai irin na satin kuma kyau gare shi amma shi ya fi kowa zamewa. Faɗin kar ya gaza mita 1 da 40, in ya yi siriri ninkin ba ya cika.

Sai maganar inda za a rataya, tunda yanzu labule biyu ne. Kar ki ɗora gyalen bisa sanda ɗaya da na Hajiya, in kinka yi haka duk safiya da kin zuge labule gyalen ya rushe, ki wuni kina hawa kujera. Sanda biyu ake yi, ta baya kusa da bango ta mai kauri, ta gaba ta gyale. Kuma wannan bai buƙatar sabon rami ko ɗaya. Ku kwance mariƙin sandar da ke nan yanzu, maigida ya kai ma mai walda ya ce a yi mishi irinshi mai mazauni biyu, na baya ya bar bango da kamar santimita 7 ko 8, na gaba kamar 15, ramukan sukuru kuma a yi su daidai na tsohon. A maida cikin ramin da ke nan. In ramin ya yi sako-sako a canza ƴar robar da ake cusawa ciki kafin a ɗaura, ko a cusa ɗan itace a matse. Sandar gaba ba sai mai tsada ba tunda gyale zai rufe ta, ko bututun ƙarfe siriri a shafa mishi fenti ya isa, abin lura kawai kar ya yi tsatsa don tsatsa in ta kama shara-shara ba ta fita. Sandar baya mai tsawon 160 kuma tana iya zama bisa mariƙan nan ko da suna kusa da taga, bakinta kawai zai wuce ta gefe, ku sa mata marfi a ƙarshe kar labule ya zare.

Akwai ƴan ƙugiyoyin nan masu gam da ake mannawa bango, za a ce miki su ne maganin gidan haya. Ni ban yarda da su ba a garin nan. In bangon fentin mai ne mai santsi kuma kin goge ƙura tas suna iya riƙe shara-shara na ɗan lokaci, amma in farar ƙasa anka shafa ko fentin ruwa mai gari-gari, gam ɗin garin yake kamawa ba bango ba, zafi na zuwa ya yi laushi ya saki, in kuma ya kama da kyau ran cirewa ya taho da fenti, rigimar da kike gudu da mai gidan haya ita za ki samu. In ya zama dole a huda, ba ke za ki je ba, maigida ya same shi ya gaishe shi ya ce rami biyu ne bisa taga kuma ran tashi zai toshe da siminti ya shafa fenti. Yawancin masu gidajen haya abin da ya ƙona musu rai shi ne wanda zai ɗauki guduma da kusa mai inci shida ya farfasa musu shafe, in sun ji da injin huda za a yi sukan sassauta. A kiyaye kar a huda daidai saman makunnin wuta ko soket don wayar kuran na bi ta nan cikin bango. In kuma ginin ƙasa ne anka yi ma shafen siminti, sukuru ba ya riƙo, sai kafinta ya gitta ɗan katako a ɗaura komi bisanshi.

To ninkin, wanda shi ne asirin duka kuma shi ne ba sa nunawa a bidiyo don sun riga sun yi kafin su kunna kyamara. Ina kyautata zaton ke dunƙule shi kinka yi a hannu kinka jefa bisa sanda. Ba haka ba. Ki share ɗaki ki shimfiɗa tabarma mai tsabta, ki baje gyalen a tsawonshi, ki samu ƙanwarki ko wata maƙwabciya da kuke shiri ta kama can ke ki kama nan. Ku riƙa ninkewa a faɗin, gaba da baya gaba da baya, kowane ninki kamar faɗin tafin hannu, santimita 10 zuwa 12, ku tabbata adadin ninkinku ɗaya kuma ninkin farko da na ƙarshe duka bakinsu baya yake kallo. In kun gama zai zama doguwar ɗamara. Ki yayyaga tsumma ki ɗaɗɗaure shi sako-sako duk bayan rabin mita kar ya warware, ki sa fil a wurin da zai hau ƙarshen sanda don kar ki yi ta kintace kina bisa kujera. A haka a ɗaure za ki ɗora shi, sai ya zauna sannan ki kwance tsummokaran. Daga nan ki kama ninkin ƙasa na tsakiya ki jawo shi a hankali har zurfin da kike so, na bisanshi ki jawo kaɗan bai kai shi ba, na bisa wancan ki ƙara rage jan, na can sama ki bar shi kusan a miƙe. Tumbin kar ya wuce santimita 30 zuwa 40 a taga irin taki, in ya zarce ya cinye hasken da kike nema tun farko. Wadda ke ƙasa ta koma bakin ƙofa ta riƙa gaya miki hagu ya fi dama, don wanda ke bisa kujera hancinshi na jikin yadi ba ya ganin komi. Kujerar ma ta katako mai ƙafa huɗu, ba ta roba ba, kuma in kina da juna biyu ko kina zato, ki sauko ki bar wani ya hau ke ki yi ta ba da umarni.

Zamewar kuwa dalilinta nauyi ne, jela ta fi tumbi nauyi sai ta riƙa janye shi sannu a hankali har ya miƙe, ko gefe ɗaya ya rinjayi ɗaya ya sulale. Masu adon ɗaki duka ɗaure shi suke ta baya, ba wanda ke barin shi ga ikon Allah. Ki naɗa kyauro biyu ko uku bisa sanda daidai inda gyalen zai kwanta, roba na hana santsi. In ya zauna yadda kike so ki tara ninkin ta bayan sanda ki soke da fil mai kulle, ko ki ɗaure da siririn ƙyalle kalar yadin, ta baya inda ido ba ya kai. Wanda ya fi duka daɗewa shi ne allura da zare, ɗinki uku huɗu sako-sako da zai haɗa gaban gyalen da bayanshi a ƙarƙashin sanda, ran wanki ki tsinke da reza. Fil in zai daɗe ki duba shi lokacin damina kar ya yi tsatsa. Fanka kuma in ta tsaye ce ki juya mata kai kawai, in ta sama ce ki sa tela ya kalmashe bakin jela ya saka ƴan wani abu mai ɗan nauyi a kusurwa, ko maɓallai manya, sai ta daina tashi. Tunda za ki wurin tela, ki ce ya yanke bakin jelar a karkace, gajeren gefe na kallon taga dogon na waje, in ya zubo sai ya yi hawa-hawa. Amma wannan sai kin tabbata da tsarin don abin da almakashi ya ci ba ya dawowa.

Kar ki bar jela ta kwanta bisa daɓe yadda suke yi a bidiyo. Ki ɗage ta da yatsa biyu ko uku. Ƙurar hunturu daga Nuwamba har Fabrairu ba sai na ba ki labari ba, ga tsintsiya ga ruwan goge ɗaki, sati biyu bakin ya yi baƙi, ga kunama da ke son wurin laɓewa. Kuma gidan haya ba ya rasa yaro mai rarrafe, in ba naki ba na maƙwabta, abin da ke lilo shi suke fara kamawa, in ya ja sanda ce za ta sauko mishi a ka, in Allah ya kawo naki ki naɗe jelar ki ɗage ta sama har ya yi wayo.

Wadda na fi jin tsoro ita ce wuta, don na san amare da turare. Shara-sharan nan kusan duka na roba ne, ba ya jiran harshen wuta, zafin garwashi kaɗai na narka shi, in ya kama kuma ɗiga yake yana manne ma fata. Kaskon turaren wuta ki ajiye shi tsakiyar ɗaki nesa da taga, kar ki ce bari in turara labule ki tura kasko ƙarƙashinshi, haka maganin sauro na kunnawa da kyandir ran da babu kuran. In ƙamshi kike so a labule ki turara shi ran wanki kafin a rataya, kina tsaye a wurin.

Wankin ba wuya. Duk sati ki kaɗe shi a hankali inda yake. In ya yi datti ki sauke, ki fara kakkaɓe ƙurar a waje kafin ya taɓa ruwa in ba haka ba ƙurar ta zama laka ta rine shi, ki jiƙa cikin ruwan sanyi da ɗan omo, ki matsa da tafin hannu ba cuɗa ba murɗa, ki ɗauraye ki shanya a inuwa. Da sauran ɗan danshi za ki ninke ki maida, nauyinshi zai miƙar da shi ba sai an yi guga ba. Dutsen guga na gawayi kar ya kusance shi, na kuran ma sai a wuta ta ƙasa da wani ƙyalle a tsakani. Kuma kafin ki sauke ki ɗauki hotonshi a waya, ki sa ɗan zare mai kala a wuraren da ya hau sanda, maidawa ba za ta ɗauke ki minti goma ba.

Saura mutane. Yayar mijinki ki bar ta, dangin miji da amarya sai an taɓa, in kinka nuna ya yi miki zafi kin ba ta abin yi har Sallah. Ran da ta dawo ta ga taga ta canza in ta yi magana ki yi dariya ki ce Yaya ai maganarki ce na ji na gyara, ki kawo mata ruwa. Hajiya ce abin ji. Ita ba yayi ta sani ba, abin da ta gani shi ne ta ba ɗiyar mutane kyauta an cire an jefa akwati wata biyar da biki, kuma kunya ta hana ta tambaya. Kar ki aika maigida, kar kuma ki yi mata ƙaryar wai wanki kinka kai su. In kin gama gyara ki dafa abin da take so ki je da kanki ki durƙusa ki gaishe ta, cikin hira ki ce Hajiya na gwada wani yayi na yara na ga ɗakin bai yi ba sai da labulenki, na maida su, don Allah in kin samu sarari ki zo ki gani ki sa albarka. Iyakarta kenan, kar ki tsawaita ban haƙuri har ki maida ƙaramin abu babba.

Shi kuma maigida yau ɗin nan kafin ya dawo ki rataya na Hajiya ko da gyalen bai hau ba, ya shigo ya tarar da taga a rufe. Bayan ya ci abinci sannan ki kawo zancen mai walda, ki ba shi awon a rubuce, 160 tsawon sanda, 8 da 15 na mariƙi. In an kwance tsohon mariƙin a tafi da shi wurin walda don a kwafi ramukan, kar a ce za a kintata. In kin auna daga sanda zuwa daɓe kinka ga ya wuce 236 ki sake rubuto min kafin tela ya sa almakashi, sai mu rage tumbin mu ƙara ma jelar.